Gajeren zango da sararin sama: amsar tambayoyin masu sauraren rediyo a Zamfara

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu sauraren rediyo a Zamfara, a rumfar masu gyara, a majalisar dattawa bayan la'asar, wani lokaci har a ajin kimiyya na sakandare. Akasarinsu da sigar ƙorafi suke zuwa: akwati ya lalace, batir jabu ne, tasha ta rage ƙarfi. Sau da yawa kuwa babu ko ɗaya a ciki. Abin yana can sama, kilomita ɗaruruwa bisa kanmu, kuma rana ce ke juya shi. An sa wa tambayoyin lamba domin wata amsar tana jingina da wata.

1. Malam, ta yaya shirin da aka watso daga ƙetaren teku yake isowa Gusau, alhali FM na cikin gari bai cika yin nisa ba?

Igiyar rediyo a miƙe take tafiya, duniya kuwa a dunƙule take. Duk igiyar da ta bi doron ƙasa, in ta yi 'yar tafiya sai ƙasa ta goce daga ƙarƙashinta, ita kuma ta wuce sama. Ƙarfen tasha mai tsawon mita 100 ba ya hango abin da ya wuce kilomita 40 da 'yan kai a fili. In mai saurare yana kan tudu a ɗan ƙara masa, in dutse irin na Kwatarkwashi ya shiga tsakani a rage. Iyakar FM ke nan.

Gajeren zango, wato abin da ke tsakanin megahaz 3 da 30, wata hanya yake bi. Da gangan tasha take cilla shi sama a karkace, ya je ya tarar da wani sashe na iskar can ƙololuwa da ake kira ayonosfiya, ita kuma ta tanƙwaro shi ƙasa a wuri mai nisa. Tsalle ɗaya kan kai har kilomita 4,000. In ya sauko, ƙasa ko ruwan teku su sake mayar da shi sama, ya yi na biyu, ya yi na uku. Tashar da BBC ta buɗe a tsibirin Ascension a 1966, a tsakiyar tekun Atlantika, tsakaninta da Gusau kusan kilomita 3,200 ne, tsalle ɗaya na iya kawo ta. Issoudun ta Faransa, inda ake watso shirye-shiryen RFI, ta kusa 3,900, daf da iyaka. Abin da ya taso daga Ingila kuwa sai ya dira a hanya tukuna, wajen Aljeriya, busasshiyar ƙasa kuma ba ta mayar da igiya da kyau yadda ruwan gishiri yake yi.

2. Ita wannan ayonosfiya, mece ce ita?

Iska ce dai, amma marar kauri ƙwarai, daga wajen kilomita 60 sama da mu har fiye da 500. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare mai kaifi da ido ba ya gani. In ya bugi ƙwayoyin iskar can sai ya fizge musu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki da ake ce wa elektron, su riƙa yawo a sake. Su ne ke tanƙwara igiyar rediyo. Da rana ta faɗi sai su fara komawa mazauninsu: inda iska ke da ɗan kauri cikin ƙanƙanin lokaci, inda ba ta da shi kuwa da yawansu a sake suke kwana.

Hawa-hawa take. Ta ƙasa ita ce shimfiɗar D, tsakanin kilomita 60 da 90, kuma ba ta mayar da gajeren zango, shanye shi take yi, sannan da rana kaɗai take nan. Sai E, a wajen kilomita 110, wadda ke mayar da igiya amma tsallenta bai wuce kilomita 2,000 ba, da dare kuma ta yi rauni. Sama da su akwai F, wadda ke rabuwa biyu da rana, F1 da F2, ta haɗe da dare. F2 ɗin, tsakanin kilomita 250 da 400, ita ta fi tara elektron, kuma a kanta kusan duk shirye-shiryen nesa suka dogara. In ka riƙe cewa D ci take yi, F kuma mayarwa, sauran amsoshin ba za su ba ka wuya ba.

3. Wa ya gano ta?

A ranar 12 ga Disamba 1901 Marconi, ɗan Italiya mai binciken rediyo, ya ce ya kama sigina a Newfoundland, da ke gabashin Kanada a yau, wadda aka aiko daga Cornwall ta Ingila, nisan kusan kilomita 3,500, abin da lissafin masana na lokacin bai yarda zai yiwu ba. A 1902 mutum biyu, Kennelly a Amurka da Heaviside a Ingila, kowa daban, suka ce lallai akwai wata shimfiɗa a sama da ke mayar da igiya. Edward Appleton ne da ɗalibinsa Barnett suka tabbatar da ita a Disamba 1924, da tashar BBC ta Bournemouth, suka auna tsayinta wajen kilomita 100. Appleton ya karɓi kyautar Nobel a 1947.

4. A jikin akwatina an rubuta 49m, 31m, 16m, a ƙarƙashi kuma 6, 9.5, 17.7. Wanne zan bi?

Duk ɗaya ne, auna abu guda aka yi ta hanya biyu. Megahaz shi ne yawan kaɗawar igiya: megahaz ɗaya, kaɗawa miliyan ɗaya a daƙiƙa. Mita kuwa tsawon igiyar ne. Ka raba 300 da lambar megahaz, ka samu mita: 300 a raba da 6 ya ba da 50, shi ya sa megahaz 6 yake a mita 49. Ke nan in ɗaya ya hau, ɗayan sauka yake yi. Kilohaz 1,000 kuma shi ne megahaz ɗaya, saboda haka in mai gabatarwa ya ce kilohaz 15,400, ka nemi 15.4.

Mitocin da aka fi ji su ne 49 a wajen megahaz 6, da 41 a wajen 7.3, da 31 a wajen 9.6, da 25 a wajen 11.8, da 19 a wajen 15.4, da 16 a wajen 17.7, da 13 a wajen 21.6. Duk inda aka ce "sama" a amsoshin da ke tafe, megahaz mai yawa ake nufi, wato su mita 16 da 13.

5. An ce akwai iyakar da in aka wuce ta igiya ba ta dawowa. Ina iyakar take?

Ba lamba ɗaya ba ce tsayayya, amma ana auna ta. Akwai na'urar da ke harba igiya sama tsaye cak, tana ƙara megahaz kaɗan-kaɗan, tana sauraren dawowarta. Za a kai wata lamba da amsa za ta ɗauke: igiyar ta huda shimfiɗar F ta wuce. Yawan elektron ne ke tsayar da wannan lamba, wadda za mu kira lambar tsaye. In akwai tiriliyan ɗaya a fili mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, lambar megahaz 9 ce. In suka ragu zuwa rubu'i, ta koma 4.5.

To amma tashar nesa ba tsaye take harbawa ba. Wanda ya yi wasan jifa a bakin madatsar Bakolori ya san abin: ka saki tsingaro tsaye cikin ruwa, tsulum, ya nutse, ka wurga shi a kwance, sai ya yi ta tsalle a bisa ruwan. Haka igiyar da ta iso shimfiɗar a kwance take dawowa ko da megahaz ɗinta ya ninka waccan lamba sau uku ko fiye da haka kaɗan. Wannan ita ce iyakar sama, wadda injiniyoyi ke kira MUF, kuma kowace hanya da tata: hanya mai nisa tana da iyaka babba, ta kusa tana da ƙarama.

A ce da azahar lambar tsaye 10 ce. Iyakar hanyar kilomita 3,000 ta kai wajen 30 ke nan, mita 16 da 13 duk a buɗe suke. A ce kafin asuba ta faɗo 3. Iyaka ta dawo wajen 9: mita 31 da kyar, mita 19 kuwa babu labari, ko da tasha ta zuba kilowat 500. Ƙarfin tasha ba ya ɗaga wannan iyaka ko kaɗan, kuma wannan ne abin da mutane suka fi jinkirin yarda da shi. Tashoshi kan tsaya a wajen kashi 85 cikin 100 na iyakar, saboda ta yau ba lallai ta zama ta gobe ba.

6. To me ya hana su tsaya can ƙasa, su huta da fargabar hudawa?

Shimfiɗar D ce ta hana. Kowace igiya sai ta ratsa ta sau biyu a tsalle ɗaya, a hawa da a saukowa, kuma ta fi cin igiya mai ƙarancin megahaz. Bambancin ba kaɗan ba ne: a ma'aunin injiniyoyi, hasarar da ake yi a megahaz 6 ta kusa ninka ta megahaz 18 sau tara. Da tsakar rana, lokacin da D ta cika ta batse, shirin nesa a mita 49 yakan ƙare a hanya. Lambar da in aka yi ƙasa da ita murya ta nutse cikin shuu ita ce iyakar ƙasa, LUF.

Ita wannan, saɓanin ta tambaya ta 5, ana iya tura ta. Tasha ta ƙara ƙarfi, ko kai ka gyara eriya, ko ka matsa daga wurin da ke da ƙarar lantarki, duk suna saukar da ita. Tsakanin iyakokin nan biyu ake aiki. Wani lokaci su yi nesa da juna ka ji tashoshi sun cika ko'ina, wani lokaci su haɗe, hanyar ta toshe gaba ɗaya na ɗan lokaci.

7. Shi ya sa ke nan shirin safe yake a wata mita, na rana a wata?

Shi ya sa. Da asuba D ba ta nan, iyakar sama kuma ta faɗi ƙasa sosai, don haka mita 49 da 41 da 31 ne ke aiki. Daga hantsi zuwa la'asar iyakokin biyu sun hau, sai mita 19 da 16 da 13. Bayan magariba D ta watse amma F ba ta riga ta saki elektron ɗinta ba, a nan yankin ma takan jima da su har dare ya yi nisa, shi ya sa mita 25 da 31, wani lokaci har 19, suke kamawa tangaran a shirin dare.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: ba ranar garinku ce ke hukunci ba, ranar da ke wurin da igiya ta taɓa sama ce. Ga shirin da ya taso daga Ascension, wurin yana bisa teku, kudu da Kodebuwa, kuma gari yana waye musu kusan minti 40 bayan ya waye a Gusau. Kai ka idar da sallah, har ka fara jin ɗumin rana a Tudun Wada, amma hanyar tana bin dokar dare. Shirin da ya taso daga gabas kuwa akasin haka: yakan riga ka ganin safiya, ya riga ka shiga dare.

8. Kaduna tana kusa da mu, amma wani lokaci na nesa sun fi mu jin ta a gajeren zango. Yaya aka yi?

Tsakanin Gusau da Kaduna wajen kilomita 200 ne a miƙe. Igiyar gajeren zango da ke bin ƙasa ba ta kai haka, tun a kusa da tasha take mutuwa. Wadda za ta zo mana ta sama kuma dole ta tashi kusan tsaye, ke nan iyakarta ba ta fi lambar tsaye da aka yi bayani a tambaya ta 5 ba. Ɗauki kilohaz 6090 da aka san Rediyon Najeriya Kaduna a kai shekara da shekaru. Muddin lambar tsaye ta haura 6, igiya za ta sauko Gusau da Tsafe da Ƙauran Namoda. In ta faɗi ƙasa da haka, kamar yadda takan yi a ƙarshen dare, wadda ta tashi tsaye ta huda ta wuce, wadda ta tafi a kwance kuwa ta sauka can nesa. Sai ka ga mutumin da ke kilomita 1,500 yana ji, kai da ke maƙwabtaka shiru. Tsallake ku aka yi.

Saboda irin wannan, da kuma ƙarar tsawa da ke damun matsakaicin zango a ƙasashe masu zafi, aka keɓe musu mita 120 da 90 da 60 domin watsa shiri cikin gida. Kaduna ma ta daɗe a kilohaz 4770, mita 60.

9. Me ya sa matsakaicin zango ke cika da baƙin harsuna da dare?

Da rana D tana cinye duk igiyar matsakaicin zango da ta hau sama, sai wadda ta biyo ƙasa kawai kake ji, kamar Kaduna a kilohaz 594. Da D ta watse sai shimfiɗar E ta fara sauko da tashoshi daga nesa, na Larabci da na Faransanci da waɗanda ba ka san harshensu ba, wani lokaci biyu ko uku a lamba ɗaya. Ko tasharka ta kullum takan riƙa tashi tana sauka, domin yanzu ta hanya biyu take iso maka, ta ƙasa da ta sama, in sun dace su ƙarfafa juna, in sun saɓa su kashe juna. Juya akwatin a hankali. Eriyar wannan zango sanda ce a kwance cikin akwati, tana da gefen da ta fi ji da gefen da ba ta ji.

10. Husufin rana yana taɓa rediyo?

Yana taɓawa. Inuwar wata tana raunana D na ɗan lokaci, sai matsakaicin zango ya ɗan yi halin dare da rana tsaka. An auna haka a husufi da dama, har da na Turai a 1999. Gusau tana cikin garuruwan da rana ta rufe ruf a husufin 29 ga Maris 2006.

11. Bayan isha'i sai murya ta riƙa rawa da sauri-sauri, kalma ba ta fita. Sifika ce ta fashe?

Kafin ka kai wa mai gyara, murɗa zuwa Pride FM ko wata tashar FM. In murya ta fita fes, sifika lafiyarta lau. Abin da kake ji halin sararin samanmu ne. Duniya tana da maganaɗiso, kuma layin da ya raba shi arewa da kudu ya ratsa ta Najeriya, ba nisa can kudu da mu. A kan wannan layi ayonosfiya tana da ɗabi'ar da ba ta da ita a Turai. Da rana elektron kan tashi sama daga kan layin su zube gefe biyu, wajen digiri 15 arewa da kudu. Da rana ta faɗi kuma shimfiɗar F takan yi wani yunƙuri ta ƙara hawa, ƙasanta ya yamutse, wasu wurare su cika da elektron wasu su zama fayau.

Igiyar da ta faɗa cikin wannan yamutsi takan tarwatse, ta iso maka ta hanyoyi barkatai, kowace da lokacinta, su yi ta cin karo da juna sau da yawa a daƙiƙa guda. Rawar muryar ke nan. Ta fi yawa daga bayan isha'i zuwa tsakar dare, ta fi tsanani a wajen watannin Maris da Satumba da kuma shekarun da rana ke kan ganiyarta, waɗanda ke tambaya ta 12. Magani ɗaya ne: gwada ɗaya mitar da tashar ta ambata, domin wataƙila daga wani wurin ake watso ta. Masana a Jami'ar Ibadan sun fara nazarin wannan sarari tun shekarun 1950, Jami'ar Ilorin tana da na'urar auna shi, akwai kuma cibiyar binciken sararin sama ta gwamnatin tarayya a Anyigba.

12. Me ya sa tashoshi ke sauya lambobi kowace shekara? Ba su da tsayayyen ra'ayi ne?

Sau biyu suke sauyawa, a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba, kuma tare suke tsara jadawalin don kada su hau kan juna. Tsawon yini da tsayin rana a sama suna sauyawa a kan hanyar igiya, musamman ɓangarenta na Turai, iyakokin biyu kuma su bi su.

Akwai kuma sauyi mai dogon zango. Ita kanta rana tana da zagaye na kimanin shekara 11, inda baƙaƙen tabo ke yawaita a fuskarta sannan su ragu. In sun yawaita, hasken nan mai kaifi yana ƙaruwa, iyakar sama ta hau, mita 13 ta buɗe yini guda. In sun ragu, tashoshi su gangaro ƙasa su cunkushe a mita 31 da 41 da 49. Zagayen da muke ciki, na 25 a lissafi, ya fara a Disamba 2019, ya kai ganiya a wajen 2024. Dattijon da ya ce mita 16 ta fi daɗi a wasu shekaru fiye da wasu ba ruɗewa ya yi ba.

13. Da rana tsaka duk gajeren zango ya ɗauke lokaci ɗaya, bayan ɗan lokaci ya dawo da kansa. Mene ne wannan?

Wata fashewa ce a fuskar rana. Haskenta kan iso duniya cikin minti 8, ya cika D da elektron farat ɗaya, iyakar ƙasa ta haura ta sama, hanya ta rufe a duk ɓangaren duniyar da ke da rana. Daga 'yan mintuna ne zuwa sa'a ɗaya ko biyu, kuma mitocin sama su ke fara dawowa. Masana biyu ne suka bayyana wannan ɗaukewa, Mögel a 1930, Dellinger a 1935.

Wani lokaci fashewar kan turo tarin ƙwayoyi, su iso bayan kwana ɗaya zuwa uku su girgiza maganaɗison duniya. Wannan ya fi daɗewa, yakan rikita F na kwanaki. Na 10 da 11 ga Mayu 2024 shi ne mafi ƙarfi tun 2003. A irin waɗannan ranaku babu abin da sukuddireba za ta gyara.

14. Hazon hunturu ko hadarin damina suna tare gajeren zango?

Ba sa tarewa. Ƙura da gajimare duk a ƙasa da kilomita 20 suke, igiyar kuma ratsa su take yi ba tare da wata hasara ba. Abin da damina ke kawowa shi ne ƙara: kowace walƙiya tana watsa tata igiyar, ita ce ƙarat-ƙarat ɗin da kake ji tun hadari yana can wajen Gummi bai iso ba, kuma ta fi damun matsakaicin zango da mita 60 da 49. Lokacin hunturu ya fi kowane lokaci tsabtar saurare. FM ne ma yakan yi abin mamaki a wasu safiyoyin sanyi, a ji tashar wata jiha, saboda iska mai ɗumi ta danne mai sanyi kusa da ƙasa ta yi wa igiya hanya. Wannan ba aikin ayonosfiya ba ne.

15. Me ya sa FM da wayar salula da dish ba sa amfana da ita?

Sun yi wa iyakar sama nisa. FM yana tsakanin megahaz 87.5 da 108, iyakar F kuwa ko a shekarun ganiya da wuya ta wuce 40 zuwa 50. Nadiran wasu tarin elektron masu kauri kan taru a E su sauko da FM daga nesa na ɗan lokaci, amma ba abin dogaro ba ne. Waya tana aiki daga ɗaruruwan megahaz zuwa dubbai, shi ya sa sai da ƙarfen sabis a kusa. Ga dish da GPS kuwa hudawar ce ake so: tauraron talabijin yana kilomita 35,786 sama, na GPS wajen 20,200, dole igiya ta ratsa. Sai dai yamutsin tambaya ta 11 yakan sa GPS ya yi kuskure da dare. Ɗaukewar hoton dish lokacin ruwan sama kuma ruwan ne da kansa.

16. Tashar da na saba ji ta ɓace kwana da kwanaki. Ta yaya zan san ko akwatina ne, ko sama, ko tashar?

Bi mitar daga farko zuwa ƙarshe. In akwai wasu tashoshi suna magana, akwati lafiya, sama lafiya. Taka ce ta sauya lamba ko ta daina. Duba ko an shiga ƙarshen Maris ko na Oktoba. In mitar duka shiru amma wata mitar tana aiki, iyaka ce ta matsa, koma tambaya ta 7. In ko'ina ƙara ce mai zuuu marar yankewa, ɗauki akwatin da batir ka fita bayan gari. Da yawa a nan suke gane cewa inbatar sola, ko cajar waya, ko ƙwan fitilar zamani mai araha ne ke kashe musu saurare a ɗaki. A ganina wannan ƙara ta cikin gida ta fi komai lalata gajeren zango a Gusau yau, fiye da duk abin da rana ke yi.

Tasha kuma takan daina da gaske. DW ta rufe tasharta ta Kigali a 2015. A Maris 2025 shirye-shiryen Muryar Amurka, har da na Hausa, suka tsaya bayan wani umarni na gwamnatin Amurka. Ba eriyar da za ta kamo abin da ba a watso ba.

17. Ƙara wa eriya waya yana da amfani?

Yana da shi, amma da iyaka. Wayar tagulla mai rufin roba, mita 5 zuwa 10, a ɗaura ta sama nesa da bango da kwanon rufi, a nannaɗe bakinta a jikin eriyar akwati, ta isa. Tana saukar da iyakar ƙasa, ba ta taɓa ta sama. Ƙananan akwatuna irin su Kchibo, in waya ta yi tsawo da yawa, sai tashoshi masu ƙarfi su mamaye ko'ina ka rasa wadda kake nema; in ka ga haka, rage ta. Kada ta gitta wayar wutar lantarki ko ta kusance ta, kuma da ka ga hadari ya haɗo, cire ta daga akwati ka fitar da bakinta waje.

18. A inda babu sabis, asibitin ƙauye ko ofishin ƙaramar hukuma za su iya magana da Gusau ta wannan hanya?

Za su iya, kuma an ga ranar tambayar a Satumba 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar. Oba-oba ta hannu ba za ta yi ba, domin megahaz ɗinta ya fi na FM, ita ma iyakarta abin da ta hango. Abin da ke yi shi ne na'urar magana ta gajeren zango da eriyar waya a kwance, 'yan mitoci kawai sama da ƙasa, wadda ke tura igiya kusan tsaye ta zubo a kewayen kilomita 300 zuwa 400, ba ruwanta da dutse ko daji. Sharaɗin shi ne na tambaya ta 8: a tsaya ƙasa da lambar tsaye. Ke nan ana buƙatar lamba biyu aƙalla, ta rana wajen megahaz 7, ta dare wajen 3 zuwa 4, a kuma yarda tun farko kan lokacin da kowa zai koma ɗayar. Saurare ba ya buƙatar izini, amma watsawa sai da lasisi, kuma hukuma ce ke ba da lambar da za a yi aiki a kai.